Gorar Inna da diddigen Baba

Ɗakin Inna a gidanmu na Filinge soro ne, rufin ƙasa shimfiɗe a kan azara. Duk rani rana tana gasa shi har ya tsattsage, ruwan farko kuwa ba ya barin tsaga ko ɗaya bai leƙa ba. Shi ya sa mutanen yankinmu na Kurfai suke fara damina a gona, mu kuwa a saman ɗakin Inna muke fara tamu.

Aikin na mutum biyu ne, kuma tun da na yi wayo ban ga an sa na uku ba. Washegarin ruwan farko, tun ƙasar rufin tana da laushi, Baba zai tuɓe takalmi, ya naɗe wando, ya hau tsani da kwaɓaɓɓiyar laka a tsohuwar tasa. Inna kuma ta shiga ɗaki da wata doguwar gora da take ajiyewa bayan ƙofa. Duk inda ta ga ɗigo jiya, sai ta ƙwanƙwasa azarar wurin. Shi yana jin bugun a tafin ƙafarsa, ya bi shi, ya murje tsagar da diddige, ya cika ta da laka, ya daddaɓe. Daga ƙarshe ya rarrafa bakin rufi ya share indararo, don in ta toshe ruwa kwanciya yake yi a sama, soro kuwa ba ya jure kwanciyar ruwa.

Da a ce shiru suke aikin, da ba wanda zai san ana yi. Amma ina! Rufi ne a tsakaninsu, saboda haka kowa sai ya ɗaga murya, maƙwabta su sha labari kyauta.

"Malam, ba nan ba na! Matsa gabas!"

"Ke da ke cikin ɗaki, ina kinka san gabas?"

"Ni ruwa yaɗ ɗiga ma bisa kai, ko kai?"

Haka za su yi ta yi har laka ta ƙare. Ya sauko yana cewa ba ta iya ƙwanƙwasa ba, ita tana cewa ƙafarsa ce ta kurumce. Sannan ta dama masa fura mai kauri, ya shanye tas, yana ƙorafin ruwa ya yi mata yawa.

Da shekaru suka ja, gwiwar Baba ta fara yi masa gardama. Mu ƴaƴansa da ke Yamai muka haɗa baki za mu rufa wa ɗakin tol, wato kwanon rufi, kowa ya huta. Ya ce tol da rani tanda ne, da damina ganga, shi ba zai gasa matarsa da rai ba. Inna ta goya masa baya a gabanmu, muna juya baya ta ɓoye tsanin.

Nan aka buɗe sabon wasa. Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai tsani ya ɓace. Wata shekara bayan rumbu, wata ƙarƙashin tarin kara, wata shekarar ma har gidan ƙanwarta ta sa aka kai shi. Baba ya bi gida lungu-lungu yana faɗa, yana cewa a garin nan kaf shi kaɗai ne ake sace wa tsani a bar masa awaki. Kullum kuma sai ya gano shi. Ina zargin ɓoyon Inna bai taɓa yin nisan da zai gagare shi ba.

Shekarar da nake son ba da labarinta, na zo hutu, ruwan farko ya same ni a gida. Da la'asar ya sauko, mai ƙarfi, har dallol, babban kwarin garinmu, ya yi ta sheƙi. Da safe na fito ina jiran faɗan tsani, sai na ji gidan tsit. Baba yana zaune bakin zaure a kan tabarma, takalmansa a ƙafa, rediyo a gefensa bai kunna ba. Bai tambayi tsani ba. Ko ɗaga kai bai yi ya dubi soron ba. Aka kawo fura ya kurɓa kaɗan ya ture, kuma bai ce ta yi ruwa ba. Wannan ne ya tsorata ni. Ban taɓa ganin tsufansa ba sai ran nan, kuma na gane in bai hau soron nan yau ba, shi da kansa zai cire kansa daga cikin masu amfani a gidan.

Inna ta wuce shi ta dawo, ta sake wucewa, tana satar kallonsa. Can sai na ji ƙarar jan itace. Ita ce ta fito da tsanin daga bayan ɗakin girki, tana jansa a ƙasa, ta jingina shi da bango.

"Malam, ɗaki na yoyo, kai kana zamne awa baƙo?"

Na yi wuf na ce ni zan hau. Su biyun suka dubi cikina a tare. Baba ya ce azarar ubansa ba ta saba ɗaukar shinkafar Yamai ba. Inna ta ce in riƙe tsani, shi ne daidai ni.

Ya tuɓe takalmi. Ya hau a hankali, matakala bayan matakala, ni kuma ina riƙe da tsanin. Da ya kai sama na miƙa masa tasar laka, Inna ta shige da gorarta.

Daga inda nake ina hango cikin ɗakin. Yoyon yana can kusurwar gabas, saitin gadonta, kusa da indararo, inda rufin ya fi gangara. Bango ya jiƙe, ga roba a ƙasa cike da jan ruwa. Amma Inna ba ta je can ba. Ta tsaya kusa da ƙofa, daidai kan tsani, tana ƙwanƙwasa azarar da ta bushe ƙayau.

"Nan na, Malam! Taka da kyau!"

"Ke, in taka ko in yi rawa?"

Muryarsa ta dawo. Ta matsa taku ɗaya ta sake bugawa, ya bi, suna ta musu a kan gabas da yamma, duk a wuri ɗaya da bai fi faɗin tabarma ba. Da ta ga ina kallon robar, ta zaro mini ido, ta matso ta yi ƙasa da murya.

"Rufe bakinka. Gobe in ya tahi kasuwa ka hau ka gyara wancan. Kada ka hwaɗa mishi."

Ya sauko da gumi, laka har gwiwa, yana cewa bana ma ba ta iya ƙwanƙwasa ba. Ta tafi dama wata furar. Yana wanke ƙafa ina zuba masa ruwa, sai ya jawo hannun rigata.

"Yoyon na kusurwar gabas, bisa gadonta. Daga inda nit tsaya ina ganin tsagar. Gobe in ta tahi kasuwa ka hau, ka bi gefen bango, can azara ta hi ƙarhi. Kada ta san na sani."

Washegari Lahadi, ranar kasuwa. Abin da ban taɓa gani ba, tare suka fita, kowa yana gaggauta ɗan'uwansa, shi yana cewa rana ta yi, ita tana cewa shi ke jan ƙafa. Na hau soron da tasar laka, na bi gefen bango kamar yadda aka ce. Ga sawun diddigen Baba nan a bakin tsani, cunkushe wuri ɗaya a kan rufin da ba abin da ya same shi. Na tsallake su a hankali don kada in ɓata ko ɗaya. Sai da na kai kusurwar na lura na tsaya cik, ina jiran in ji bugun gora a tafin ƙafata.