Wayar da Ba Ta da Murya

Shekarar da aka mayar da ni koyarwa Kebbe, iyalina suna Tambuwal, don haka duk ƙarshen mako ina bisa babur. Kafin mutum ya hau hanyar nan sai ya san inda aka ga ɓarayin daji da inda ba a gani ba. Labarin kuwa a wani zauren Wasaf na mutanen yankin ake samunsa. Wani abokin aikina ya sa aka shigar da ni, ya wuce ƙauyensu inda babu sabis.

Al'adar zauren ita ce baƙo ya yi sallama da murya, ya faɗi garinsu da gidansu, a ji harshensa a gane shi. Ni kuwa wayata ta hannu ce da na saya a kasuwar Tambuwal, abin ɗaukar maganarta ya mutu. Tana ji, ba ta faɗa. Sai na rubuta sallamata, har da ƙawata ta irin ta malaman makaranta.

Ba wanda ya amsa. Can wani ya aiko murya yana tambayar wa ya kawo wannan da ba ya magana. Wani ya ce ko hoto babu a lambar. Na rubuta cewa wayata ce ta lalace, aka yi dariya, aka ce duk mai leƙen asiri haka yake cewa. Wani ma ya kira ni infoma, mai kai wa ɓarayin daji labari, ni kuwa na san abin da ake yi wa wanda aka liƙa wa wannan suna a yankinmu.

Na yi dabara, ashe wauta ce. Na ari wayar maƙwabcina na yi magana, na turo muryar zuwa tawa, na tura zauren. Saƙon ya fito da alamar cewa turo shi aka yi. Nan take aka ce muryar wani na aro, aka cire ni, lambata kuma ta shiga yawo wasu zaurukan.

Ranar kasuwar Kebbe ina zaune wurin mai shayi, wasu matasa 'yan sintiri suna hirar lambar a gefena. Ɗayansu ya ce, "Bari in kira shi, mu ji ko shina kusa."

Wayar ta hau ruri a aljihuna. Na ciro ta, na ce, "Ni na. Malamin firamare, ɗan Tambuwal."

Wani dattijo da nake koyar da jikokinsa ya dube ni, ya ce wallahi ya san ni, a ƙyale malam. Wasu suka yi dariya. Wanda ya kira bai yi ba, ya dai daɗe yana kallon fuskata kamar mai son ya riƙe ta.

Da abokin aikina ya dawo ya yi wa mutanen zauren bayani, aka ce in sake shiga. Ban shiga ba, tsoro ya hana ni. Sauran shekarar nan haka na riƙa hawa hanyar Tambuwal ban san abin da ke gabana ba, kuma ɓarayin da ke gabana ba su kai 'yan sintirin da ke bayana ba ni tsoro ba.