Tchima Mai Cewa Da Sauƙi

Dinatu na zaɓen kuɓewa a wani shago a Gate City Boulevard wayarta ta yi ƙara. Zabeirou ne, ƙanen ƙawarta Tchima. Ko sallama bai yi ba, ya ce, "Anti, Yaya ta cika." Dinatu ta mayar da kuɓewar, ta fita ta zauna a mota, ta rasa ina za ta nufa.

Tchima 'yar Damagaram ce, kitso ne sana'arta. A falonta take yi, tana tsaga kai tana yi wa mai kan tsiya. Dinatu daga Pankshin ta zo. Ita coci, Tchima masallaci, Hausa ce ta haɗa su a garin Turawa da ba mai tambayar kwananka.

Da likita ya ce kansar mama ce, Tchima ta hana a gaya wa kowa, har Innarta a gida. Hannu ya daina iya kitso, mata suka koma wani wuri, falon ya yi tsit.

Asibitin ya haɗa ta da wata mai ba da shawara, wadda aikinta zama da masu irin wannan ciwo su amayar da abin da ke ransu. Dinatu ce tafinta. Duk zama matar sai ta tambayi yadda take ji, Tchima ta gyara ɗankwali a kan da ba sauran gashi, ta ce, "Da sauƙi." Haka aka raine su, mara lafiya ba ya kai ƙarar ciwo. Rannan matar ta ja Dinatu gefe ta ce, "Ni ba za ta gaya mini ba. Ke ki bar tambayarta jiki, ki zauna kusa da ita kawai."

Maganar ta yi wa Dinatu nauyi, amma jiya da yamma ta gwada. Ta zauna a bakin gado tana shafa wa Tchima man kaɗanya a ƙafa, ba ta tambaye ta jiki ba. Sun daɗe a haka. Can Tchima ta yi magana, ita ce kuma hirarsu ta ƙarshe.

"Dinatu, tsoro nake ji. Kar a binne ni a nan Inna ba ta sani ba."

"In kira miki ita yanzu?"

"Bari in ɗan murmure tukuna."

"Ke kam! Ai murya kawai za ta ji."

"Muryar ma ta rame."

"To, gobe?"

"Gobe, in Allah ya kai mu."