Baturen da Yake Yi Mini Barka da Sallah Ina Cikin Azumi

Da safen nan saƙon 'yarsa ya shigo wayata. Harold ya rasu.

Ba ku san sunan ba, amma kun san fuskar. Dogon Baturen nan mai karyayyen hanci a finafinan Amurka: yau ɗan sanda, gobe mai gadin otal, jibi direban da ake harbewa kafin jarumi ya iso. Sunansa kan fito a can ƙarshe, bayan kowa ya tashi.

Ɗaki ɗaya muka zauna lokacin da gwamnati ta tura ni karatu Amurka, zamanin da karatu yake da daraja. Da sanyi ya shigo, ya tuɓe kwat ɗinsa ya ba ni, wai ta yi masa kaɗan. Ƙarya yake yi.

Ganinmu na ƙarshe a gidana ne, nan Nassarawa GRA. Malam Sale mai gadi ya ƙura masa ido, ya ce, "Alhaji, wannan ba shi ne ake kashewa kullum ba?" Da na fassara masa, ya yi dariya har da hawaye. Na tambaye shi ko bai gaji da zama a gefe ba. Ya ce, "Dole wani ya buɗe ƙofa kafin jarumi ya shigo. Ni na iya buɗe ƙofa."

Tun da na yi ritaya, masu cika mini falo ko hon ba sa yi in sun wuce. Harold kuwa duk ƙaramar sallah sai ya kira. Sai dai kalanda yake dubawa. Na gaya masa har na gaji, mu wata muke jira. Sau da yawa bakina a bushe da azumi zan ji, "Barka da sallah, Alhaji!"

Bana bai kira ba. Na ce wa Hajiya, shi ke nan, shi ma ya bi sahu.

Ashe yana asibiti. 'Yarsa ta ce ta ɗauko waya za ta kira ni, ya riƙe hannunta ya ce, "Dakata. Fara binciko ko an ga wata a Kano." Kafin ta samo amsa, maganarsa ta ɗauke. Bai ƙara magana ba.

Sau ɗaya ya jira wata.

Masu shirin yi mini wa'azi a kwament, ku huta, na san ba Musulmi ba ne. Allah Ya ba 'yarsa haƙuri, Ya sa mu cika da imani. Ku taya ni da addu'a, don ban san wa zai kira ni baɗi ba.