Sammacin Mai Aski

A kotun ba wanda ke tuna sunansa na yanka, Hannu-da-hannu kowa ke ce masa. Aikinsa kai sammaci. In mace ta shigar da ƙarar neman rabuwa, ta kawo shaidar aure da adireshin miji, magatakarda ya buga hatimi, shari'a ba ta motsawa sai an danƙa wa mijin takardar a tafin hannunsa. Nan ake barin sauran ga Hannu-da-hannu.

Gajere ne mai fuskar tausayi, ka ce hanya ya ɓata. Ya san masu gudun sammaci ciki da bai: wanda ake cewa ya yi tafiya alhali takalmansa na bakin ƙofa, da mai rantsuwa shi ƙanen maigidan ne. Matarsa kan ce mai yawo da mutuwar auren jama'a a jaka bai kamata ya dawo gida yana fito ba. Shi kuwa ya ce ai ba shi ya kashe ba, gawar kawai yake rakawa.

Wanda ya fi ba shi wuya wani mai aski ne. Madubin shagonsa na kallon titi, da ya hango jaka sai ya sulale ta ƙofar baya, bai taɓa tsayawa ya ga fuskar mai ita ba. Matar mai askin ta gaji da sintiri a kotu. Ta ce mijin na yi mata dariya, wai muddin bai taɓa takarda ba tana nan daram a matsayin matarsa. Wannan magana ta tsaya wa Hannu-da-hannu a rai.

Sai ya bar suma ta taru, ya ajiye jaka, ya soka sammacin a aljihu, ya je ya zauna a kujerar aski. Mai aski ya ɗaura masa ƙyalle, hira ta yi daɗi, har ya shiga ba shi labarin wani gajeren sakarai na kotu da yake wasa da hankalinsa. Niyyar Hannu-da-hannu ya bari a gama, amma zuciya ta ɗebe shi. An aske rabin kai ya zaro takardar a naɗe ya ce, "Maigida, riƙe min wannan in yi atishawa."

Mai aski ya karɓa. Ya karanta, ya kashe injin, ya kwance ƙyallen, ya nuna masa ƙofa. Haka Hannu-da-hannu ya ratsa kasuwa ba hula, rabin kai tas, rabi daji, yana amsa gaisuwa.

An yi zama, matar ta samu takardarta. A bakin kotu mai aski ya ƙare wa kan Hannu-da-hannu kallo, ya ce wanda ya ƙarasa askin bai iya ba, ya biyo shago a gyara masa kyauta. Hannu-da-hannu ya yi godiya ƙwarai, ya ce a bar shi haka.