Wanda Ya Riƙe Wa Yaya Haruna Juma'a

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana, Alhaji Haruna, mai injin casar shinkafa a Gwadangaji. Allah ya jiƙansa. Ni na gaji injin da ma'aikatansa, amma halinsa kam, wallahi ban gada ba.

Yaya ya tara mutane iri-iri: Kabawan Argungu, Zabarmawa, Fulani, da Dakarkari Kiristoci daga Zuru, babbansu Baba Bitrus mai kula da injin. Tsarinsa ɗaya ne. Ranar Juma'a mu tafi masallaci, su Baba Bitrus su riƙe aiki. Ranar Lahadi su tafi coci, mu mu riƙe. Yakan ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ni a lokacin gani nake sanyin hali ne kawai.

Bana shinkafa ta yi kyau a Augie, buhuna suka cika fili, manoma suka matsa mini lamba. Sai na tara ma'aikata na ce daga yau babu hutun Lahadi, kowa ya fito. Juma'a kuwa ko ambatonta ban yi ba. Son kai ne, ba shi da wani suna. Ranar Lahadi Baba Bitrus ya fito shi da mutanensa.

Juma'a ta zo, aka yi kiran salla, na tsaya ina kame-kame. Baba Bitrus ya ɗago daga bakin injin, dusa ta rufe masa gira, ya ce, "Alhaji ƙarami, ku tai masallaci kar liman shi tada salla. Muna nan."

Na tafi, amma ko kalma ɗaya ta huɗuba ba ta shiga kunnena ba, don kunya. Da Yaya na raye ba zai yi mini faɗa ba. Na san shi, ranar Lahadi zai tuɓe babbar riga ya tsaya bakin injin da kansa, ya bar ni da kallo.

Na maido da hutun, na ba su Baba Bitrus haƙuri a gaban kowa. Sai dai samarinsu sun riga sun koma Zuru, har yau ba su dawo ba.

Mutane na cewa ni Yaya ya bar wa gado. Ƙarfe ne ya bar mini. Abinsa mai rai yana wurin Baba Bitrus, wanda na tambaya me ya hana shi bin samarin, ya ce ai marigayi ya yi wa alkawarin riƙe Juma'a, ba ni ba.