Ranar da Malam Saminu Ya Kifar da Buhu

A kasuwar Makarfi ana tuna Malam Saminu da ranar da ya kifar da buhun barkono a tsakiyar layi, kowa ya kama atishawa, har mai shayi ya tuntsurar da butarsa. Wani ɗan kasuwa daga Maraɗi ne ya ce zai koma sayen na wata ƙasa, don bara ya tarar da tsakuwa a gindin buhunan da ya saya a nan. Nan take Malam ya zazzage nasa. Baƙon ya tsuguna yana hawaye yana tonawa, bai samu ko ɗaya ba.

Yau aka nuna mini shi. Siriri ne, hularsa ta koɗe, yatsunsa sun yi ja kamar ya sha ƙunshi. Yana zaune kan tabarma yana tsince barkono ɗaya-ɗaya, wanda ya yi baƙi ya jefa a ƙwarya. Ba ya gaggawa. Ina jin shi ya noma, shi ya shanya, kuma ya san in mutumin Maraɗi ya juya, motocin sauran masu saye za su bi shi.

Maƙwabcinsa mai albasa ya leƙo. "Malam, in za a sake kifarwa a faɗa mana mu toshe hanci."

Bai ko ɗago ba. "Alhaji, ai a yi haƙuri. Buhun nan iyaka zai ƙetare, kuma in aka buɗe shi a can, ba na kusa balle in yi bayani. Ba Saminu za su ce ba, 'yan Najeriya za su ce."