Ƙodar Ɗelu a Cikin Hamisu

Ɗelu mai zogale ce a Madarumfa. Tana da ɗan lambu kusa da tabki, inda ta kan wuni tana ban ruwa da tsinkar ganye, ranar kasuwa kuma ta kai Maraɗi. Mutane sun san ta da taurin kai tun tana yarinya, amma ba su san iyakarsa ba sai da yayanta Hamisu ya kwanta.

Hamisu direba ne, yana jan kamiyo, wato babbar motar kaya, tsakanin Ɗan Issa da Katsina. Hawan jini ya daɗe yana cin sa bai kula ba, har ƙafafunsa suka kumbura, fitsari ya ɗauke. A wani asibiti a Kano aka ce ƙodojinsa biyu sun mutu, sai dai dashe. Aka gwada 'yan uwa, jinin Ɗelu ne ya dace.

Dangin mijinta suka taru a kanta. Wata gwaggo ta ce mace mai 'ya'ya ba ta kyauta da kayan cikinta. Ɗelu ta saurara har suka gama, sannan ta ce, "Da aka raba gadon Baba ba ku hana ni ba shi gona ba. Wannan ma tawa ce." Mijinta Kabiru shi ya raka ta Kano.

Aikin ya yi kyau. Hamisu ya miƙe, ya yi ƙiba, ya koma kan sitiyari. Daga nan sakaci ya shigo. Maganin kare dashen yana sha, amma na hawan jini ya ce yana sa shi kasala a hanya, ya watsar. Ga tsiren tasha mai yaji da gishiri, ga goro, ga rashin barci.

Bayan damina biyu ciwon kai ya dawo. Ɗelu ta matsa sai da suka koma wurin likita. Likitan ya duba gwajin, ya yi musu bayani dalla-dalla: jinin da ke bugawa da ƙarfi ya lalata ƙananan jijiyoyin sabuwar ƙodar, yanzu rabin aikinta take yi. Abin da ya lalace ba zai dawo ba, amma ana iya tsare sauran.

A mota Hamisu ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Haka Allah ya ƙaddaro."

"Kada ka ɗora wa Allah, Yaya," in ji Ɗelu. "Shekara da shekaru tana cikina, ina ɗaukar tulu ina haihuwa, ba ta taɓa yi mini gardama ba. A hannunka ta lalace."

Washegari da hantsi ta tafi tashar Ɗan Issa. Ta tarar ana yi wa kamiyonsa lodin wake, shi kuma yana zaune da tsire a takarda. Ta ɗauke tsiren ta miƙa wa mai lodi, ta hau gaban motar ta zauna. Direbobi suka yi ta dariya. Sarkin tasha, Alhaji Ɗanlami, ya zo ya ce ta sauko, ba a kunyata namiji a gaban abokan sana'arsa.

"Alhaji, ni ba ruwana da namiji," ta ce. "Ƙodata zan raka Katsina, tunda an rasa mai kula da ita."

Dariyar ta tsaya. Hamisu ya sunkuyar da kai, sannan ya miƙa wa wani direba makulli.

Bai bar tuƙi gaba ɗaya ba, don shi ma jinin gidan ne wajen taurin kai. Sai dai ya koma jan ƙaramar mota tsakanin Madarumfa da Maraɗi, yana kwana a gida. Ɗelu ta samo abin awon jini, ta koyi ɗaura shi a damtse, kullum kafin ta wuce lambu sai ta biya ta auna shi. Wani lokaci su yi faɗa har maƙwabta su leƙo. Matarsa ta koyi miya ba dunƙule, gishiri ɗan kaɗan.

Awon baya-bayan nan ya nuna ƙodar ba ta ƙara lalacewa ba. Likita ya ce wata rana mai yiwuwa a kai ga wankin ƙoda. Da gwaggon nan ta ji, ta ce ai dama ta faɗa, an yi asarar banza. Ɗelu tana tsinkar zogale aka kawo mata maganar. Ta ce a gaya wa Gwaggo cewa Hamisu ya wuce da fasinja tun da safe, in tana da saƙon Maraɗi ta jira shi da la'asar.